Tuna baya shi ne roƙo: masoyan Oasis da rangadin komawa na shekarar 2025

Gabatarwa

Ranar 28 ga watan Agusta na shekarar 2009, a dandalin Saint-Cloud da ke bakin birnin Faris, dubban ƴan kallo na bikin Rock en Seine suna tsaye suna jiran ƙungiyar Oasis ta hau dandamali, sai aka fito aka shaida musu cewa wasan ba zai yiwu ba. Faɗa ne ya kaure a bayan fage tsakanin Noel Gallagher da ƙanensa Liam, har aka farfasa gitar, kuma a daren nan Noel ya ba da sanarwar ya bar ƙungiyar domin ba zai iya ƙara ko yini ɗaya yana aiki da ƙanen nasa ba. Bayan shekara 15, ranar 27 ga Agusta 2024, sai ƴan'uwan nan biyu suka ce sun shirya, za su sake hawa dandamali tare. Rangadin ya soma a Kadif ranar 4 ga Yuli 2025, ya ƙare a São Paulo ta ƙasar Burazil ranar 23 ga Nuwamba, bayan wasa 41 a Birtaniya da Ailan da Amurka ta Arewa da Asiya da Ostareliya da Amurka ta Kudu.

A cikin wannan ɗan nazari ba za mu tsaya kan kiɗan kansa ba sai inda ya zama dole. Dalili kuwa shi ne ƙungiyar ba ta zo da sabuwar waƙa ko ɗaya ba. Abin da ya zama sabo a 2025 shi ne yadda jama'a suka karɓi tsofaffin waƙoƙin. Saboda haka masoya ne za mu ɗauka a matsayin abin nazari: fushinsu ranar sayar da tikiti, gardamarsu kan wanda ya cancanci shiga, da murnarsu a filin wasa. Mun dogara ga abin da jaridun Birtaniya suka buga, da sanarwar hukumomi, da hotunan bidiyo da ƴan kallo suka ɗauka da wayoyinsu. Tambayoyinmu biyu ne. Me mutum yake saye in ya biya kuɗi don ya ga makaɗan ƙuruciyarsa sun dawo da furfura? Kuma wa yake da iko da waƙa bayan ta yi shekara 30 a bakin jama'a?

1. Abin da masoya suke ɗauka nasu ne

An kafa Oasis a birnin Mancesta a 1991. Noel, wanda aka haifa a 1967, shi ne yake tsara mafi yawan waƙoƙin yana kaɗa gitar. Liam, wanda aka haifa a 1972, shi ne mai jan waƙa. Iyayensu ƴan ci-rani ne daga Ailan, kuma sun tashi a unguwar Burnage, cikin gidajen haya na hukuma da ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Faifansu na farko, Definitely Maybe, ya fito a 1994, na biyu, (What's the Story) Morning Glory?, a 1995. A ranakun 10 da 11 ga Agusta 1996 suka yi wasa a Knebworth gaban mutum 250.000, alhali waɗanda suka nemi tikiti sun kai kimanin miliyan 2 da rabi. Nan ne ƙololuwarsu. Faya-fayi biyar da suka biyo baya, daga 1997 zuwa 2008, sun sayu, amma ko masoyan kansu kaɗan ne suke jera su da na farko biyun.

Domin a fahimci abin da ya faru a 2024 da 2025, ya kamata mu lura da abubuwa uku da masoya suka daɗe suna ɗauka mallakarsu ne. Na farko waƙoƙin: an gina su kan amshi mai faɗi wanda kowace irin murya za ta iya ɗauka, kuma tun farko masu sharhi sun yi ta nuna inda Noel ya aro daga Beatles da T. Rex da Slade. Wannan sauƙin da masana suke ganin rauni ne, shi ne ƙarfinsu a bakin taro. Na biyu labarin asali: yara biyu ƴaƴan ƴan ƙwadago, ba su da ilimin kiɗa na makaranta, sun ce za su fi kowa, kuma na ɗan lokaci maganarsu ta tabbata. Na uku faɗan wa da ƙane, wanda jama'a suka bi shi shekara da shekaru kamar wasan kwaikwayo na rediyo, har lokacin da Liam yake sa hoton wansa a Twitter yana kiransa dankali.

Akwai ranar da ta nuna cewa waƙoƙin sun fita daga hannun masu su. Bayan harin bam na 22 ga Mayu 2017 a zauren Manchester Arena, inda mutum 22 suka rasu, jama'ar gari suka taru a dandalin St Ann ranar 25 ga wata. Da aka gama shirun minti ɗaya na juyayi, wata mata ta soma rera Don't Look Back in Anger, taro ya ɗauka. Babu makaɗi a wurin, babu tikiti, ƴan'uwan biyu ma ba sa magana da juna a lokacin. Duk wanda ya tuna wannan rana ba zai yi mamakin zafin fushin da za mu duba yanzu ba.

2. Ranar tikiti: fushin da ya kuskure mai laifi

An buɗe sayar da tikitin Birtaniya da Ailan ranar Asabar 31 ga Agusta 2024. Bisa ga sanarwar ƙungiyar, fiye da mutum miliyan 10 daga ƙasashe 158 suka shiga layi a intanet, alhali wuraren da ake da su ba su kai miliyan 1 da rabi ba. Mutane sun yi sa'o'i gaban kwamfuta suna kallon lambarsu tana raguwa. Wasu na'ura ta kore su bisa zaton ƴan baranda ne. Da yawa daga waɗanda suka kai ƙarshen layi a shafin Ticketmaster suka tarar tikitin tsayuwa da aka tallata kusan fam 150 ya koma fiye da fam 350, wato daga kimanin jikka 115 na kuɗin sefa zuwa kimanin jikka 275, kuma ƴan mintoci kawai aka ba su su yanke shawara.

Ya kamata mu tsaya kan yadda wannan tarko yake aiki. Wanda aka gaya wa farashi tun da safe yana iya cewa ya fi ƙarfinsa, ya tafi harkarsa. Wanda ya yi sa'a biyar a layi, ya riga ya gaya wa matarsa ko abokansa cewa ya kusa, ya san kuma in ya saki wurin ba zai sake samu ba, wannan ba ciniki yake yi ba, an matse shi ne a lungu. Jiran da ya yi shi ne aka juya ya zama makami a kansa. Masoya sun kwatanta da Knebworth, inda tikiti ya kasance fam 22,50. Ko an lissafa faɗuwar darajar kuɗi, wannan bai kai rabin farashin farko na 2024 ba. Bambancin yana da tushe a sana'ar kanta. A 1996 faifai ne yake kawo riba, wasa talla ne gare shi. Da sauraro ta intanet ya karya kasuwar faifai, sai wasa ya zama babbar hanyar samun kuɗi. Amma wannan bayani yana fassara tsadar tikiti ne kawai, ba ya wanke ɓoye farashi.

Jama'a da jaridu suka ɗora laifi kan abin da aka kira farashi mai hawa da sauka, wato na'ura ce take ƙara kuɗi gwargwadon yawan masu nema. Hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta buɗe bincike ranar 5 ga Satumba 2024, kuma abin da ta bayyana a watan Maris 2025 ya fi wannan zato muni a ganinmu. Ba ta sami shaidar cewa na'ura ce take canja farashi nan take ba. Abin da ta gano shi ne tun farko an kasa tikitin tsayuwa kashi biyu, mai arha da mai tsada, aka fara sayar da mai arha, da ya ƙare aka fito da mai tsada, ba tare da an gaya wa masu jira ba. Ta kuma ce an sayar da wasu kujeru da sunan « platinum » har ninki biyu da rabi na farashi, alhali ba su fi na kusa da su da komai ba. Ashe mutane ne suka zauna suka tsara, ba lissafin kwamfuta ba. A watan Satumba 2025 kamfanin ya ɗauki alkawarin sanar da masu saye irin wannan tsari sa'a 24 kafin a buɗe kasuwa, ba tare da ya amsa wani laifi ba.

Su kuwa makaɗan suka ce sun bar maganar farashi a hannun wakilansu da masu shirya wasa, ba su san za a yi haka ba. Wannan uzuri bai gamsar da mu ba. Makaɗin da bai san nawa ake karɓa a bakin ƙofa da sunansa ba, shi ya zaɓi kada ya sani. Hujja kuwa ita ce da hayaniya ta yi yawa, nan da nan aka ƙara wasa biyu a Wembley ta hanyar ƙuri'a, aka kuma sanar da cewa ba za a yi amfani da wannan tsari a Amurka ta Arewa ba. Ikon da ya gyara daga baya yana nan tun farko.

3. Wane ne masoyi na gaskiya?

Da tikiti ya yi ƙaranci, sai fushin ya juya ya koma tsakanin masoyan kansu. Waɗanda suka sayi faifan farko a 1994, yanzu sun kai shekara 45 ko 55, suka fara cewa yara da ƴammata da ba su san waƙa fiye da Wonderwall ba sun ƙwace musu wuri. Matasa suka mayar da martani cewa ba a gadon so, kuma ba wanda ya ba dattawa makullin ƙofa. Har ɗiyar Noel ta fito ta soki wannan magana, ta ce raina mata ne da raina ƙuruciya.

Wannan gardama ta fi ƙarfin tsegumi, domin ta taɓa bayanin da aka fi yi game da irin wannan rangadi, wato bege, abin da Faransawa suke kira nostalgie. Hausawa suna cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ga dattawan masoya karin maganar ya zauna daidai. Shekarun tashen Oasis sun zo daidai da ƙarshen mulkin shekara 18 na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da hawan Tony Blair a 1997, wanda ya gayyaci Noel fadarsa ta Downing Street a watan Yuli na wannan shekara. Lokaci ne da matashin Ingila yake jin gobe za ta fi yau. Tsakanin nan da 2025 sun ga rikicin bankuna na 2008, da tsuke bakin aljihun gwamnati, da ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ta 2016, da annobar 2020, da tsadar rayuwa. Wanda ya biya fam 350 yana neman shekara 20 ɗinsa ta dawo na sa'a biyu, muna iya fahimtarsa.

To amma ɗan shekara 19 wace bara yake tunawa? Ba a haife shi ba lokacin Knebworth, yana ɗan shekara uku aka rabu a Faris. Ya san Oasis ne ta motar mahaifinsa, ta fim ɗin Supersonic na 2016, ta wasannin da Liam ya yi shi kaɗai tun 2017, da ta wayarsa. A nan bayanin bege ya gaza. Abin da muke gani shi ne matasan nan suna neman wani abu da zamaninsu ya yi ƙarancinsa, wato waƙar da kowa ya sani. Wanda ya tashi kowa da abin sauraronsa a kunne, na'ura tana zaɓa wa kowa nasa, bai cika samun wurin da mutum 80.000 za su buɗe baki kan baiti ɗaya ba. Saboda haka dattijo da matashi ba abu ɗaya suka je saye ba, kuma babu ɗayansu da ya fi ɗaya gaskiya.

Wani abu ya zo ya haɗa kansu. A watan Yuni 2025 jaridu suka buga takardun wani taron tsaro na hukumar birnin Edinbara, inda aka siffanta masu zuwa da cewa akasarinsu maza ne masu matsakaicin shekaru, masu cin wuri saboda jiki, masu hayaniya da shan giya, aka kuma nuna tsoron za su ɓata bikin fasaha da birnin yake yi kowane Agusta. Liam ya mayar da zazzafan martani, ya kuma maimaita a kan dandamalin Murrayfield. Masoya suka ji tsohon rainin da masu ilimin boko da masu hali suke yi wa ƴan ƙwadago. Ya kamata mu lura da abin da wannan ya yi wa ƙungiyar: wata goma kacal bayan an zarge ta da tatsar talakawa, sai ga ta ta koma mai kare mutuncinsu, ba tare da ta mayar wa kowa ko sisi ba.

4. A filin wasa: ƴan kallo sun zama ƴan amshi

Daren farko a Kadif, wa da ƙane suka fito riƙe da hannun juna sama. Hotunan da aka ɗauka daga cikin taro suna nuna manyan maza suna kuka tun kafin a taɓa gitar. Kusan duk masu sharhin jaridu sun yarda cewa wasan ya yi kyau: muryar Liam, wadda ta dushe a shekarun 2000, ta dawo da ƙarfinta, kuma gitar uku na Noel da Gem Archer da Paul Arthurs sun cika filin. Ba mu da dalilin musa wannan.

Sai dai jerin waƙoƙin yana da abin da yake faɗa. Waƙa 23 ne, kuma su ɗin ne aka maimaita kowane dare daga Kadif har São Paulo. Cikinsu guda ɗaya tak, Little by Little ta 2002, ta fito bayan shekarar 2000. Sauran duk na 1994 zuwa 1997 ne. Wato ƙungiyar da ta yi shekara 18 tana aiki ta yarda da hukuncin masoyanta cewa shekara huɗu kawai suka cancanci tunawa. Ba a ji ƙorafi mai yawa kan wannan ba, domin shi aka je nema. Ko tufafi an komar da su baya: hular yadi mai zagayayyen baki da rigunan Adidas irin na 1995, waɗanda aka buɗe kantuna na musamman don sayar da su.

Wanda ya saurari bidiyon da aka ɗauka daga tsakiyar fili zai lura cewa sau da yawa ba a jin makaɗan sosai. Taro ne yake rerawa daga baitin farko zuwa na ƙarshe, har Noel yakan ja baya daga makirfo ya bar musu amshi. Kafin waƙar Cigarettes & Alcohol, Liam yakan umarci jama'a su juya wa dandamali baya, su rungumi kafaɗun juna su yi ta tsalle, al'adar da magoya bayan Manchester City suka aro daga na kulob ɗin Lech Poznań na Polan a 2010. Babu hoton da ya fi wannan bayyana rangadin: mutum dubu 70 ko 80 sun biya kuɗi mai yawa don su ga mutum biyu, kuma a lokacin da daɗi ya kai matuƙa sun ba su baya suna kallon juna. Ƴan kallo sun zama ƴan amshi, makaɗan kuwa sun zama dalilin taruwa.

A nan ne za mu yi taka-tsantsan da shaidar masoya. A al'adar makaɗanmu kyauta tana bin waƙa: sai an ji, rai ya yi daɗi, sannan hannu ya shiga aljihu, kuma makaɗin da bai motsa kowa ba yakan koma gida da abin da ya zo da shi. A tsarin tikiti an juya abin. An biya a Agusta 2024 don wasan Yuli 2025. Mutumin da ya kashe albashin mako, ya ƙara da kuɗin jirgi da masauki, ya yi wata goma yana ƙirga kwanaki, da wuya ya fito ya ce an cuce shi. Idan ya ce wannan ne dare mafi daɗi a rayuwarsa, ba ƙarya yake yi ba, amma alƙali ne da yake da hannun jari a shari'ar. A daren farko Liam ya tambayi taro cikin raha ko wasan ya cancanci dubban fam ɗin da suka biya, aka amsa masa da shewa. Zafin 31 ga Agusta ya zama abin dariya a bakin wanda ya ci ribarsa.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga ba. A Heaton Park na Mancesta, inda aka yi wasa biyar, marasa tikiti suka gano wani tudu da ake hango allunan dandamali daga kansa, suka taru da iyalansu, aka raɗa masa suna Tudun Gallagher. Bayan dare biyu hukumar birni ta kafa shingen ƙarfe, tana cewa don kare ƙananan itatuwa da dabbobin wurin ne. Jama'a ba su fasa zuwa ba. Sun daina gani, amma suna ji, suna rerawa, har Liam ya sadaukar musu da waƙa daga dandamali. A ganinmu taron tudun nan shi ne ya fi kama da na dandalin St Ann na 2017, kuma shi ne ya fi kusa da unguwar da ƴan'uwan suka fito.

5. Suna da mutane: darasi daga Téléphone

Mai karatu da ya saba da kiɗan Faransa zai tuna ƙungiyar Téléphone, wadda aka kafa a 1976 ta watse a 1986. A watan Satumba 2015 uku daga cikin huɗun, Jean-Louis Aubert da Louis Bertignac da Richard Kolinka, suka dawo ba tare da Corine Marienneau mai kaɗa gitar bas ba, kuma ba su yi amfani da tsohon sunan ba, suka kira kansu Les Insus. Rangadinsu ya ƙare da dare biyu a Stade de France a watan Satumba 2017. Filaye sun cika, amma tambayar ba ta mutu ba cikin masoya: wannan Téléphone ce ko ba ita ba ce? Canjin sunan ya bar gurbin wadda ba ta nan a fili, kowa yana ganinsa.

Oasis ta dawo da sunanta, alhali cikin mutum biyar da suka yi faifan farko biyu ba su nan: Tony McCarroll mai ganguna, wanda aka sallama a 1995, da Paul McGuigan mai bas, wanda ya tafi a 1999. Ba'amurke Joey Waronker, wanda bai taɓa zama ɗan ƙungiyar ba, shi ya zauna kan ganguna. Masoya ba su ta da jijiyar wuya kan wannan ba. Dalili a ganinmu shi ne abin da aka sayar musu sulhu ne. Waƙoƙin da ma ana jin su: Liam ya rera faifan farko gaba ɗaya a rangadinsa na Yuni 2024, Noel ma yana rera wasu da tasa ƙungiyar. Abin da babu sai a 2025 shi ne ganin wa da ƙane sun tsaya wuri ɗaya. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma kowane ɗan kallo yana da wani ɗan'uwa ko aboki da suka daina gaisawa. Ko kuɗi ne ya kawo sulhun, kamar yadda masu shakka suka yi ta faɗa, wannan bai dami taro ba. Ƙungiyar Sex Pistols ma da ta dawo a 1996 ta raɗa wa rangadinta sunan ƙazamar riba, ta faɗi a fili cewa kuɗi ne ya haɗa su, kuma jama'a suka je.

Kammalawa

Mun ga fushi, mun ga gardama, mun ga murna, kuma muna ganin duk ukun tushensu ɗaya ne: masoya sun ɗauka waƙoƙin nan nasu ne. Shi ya sa suka ji an sayar musu da kayansu da tsada, shi ya sa suka yi faɗa kan wanda ya fi gado, shi ya sa kuma suka ƙwace amshi daga bakin makaɗan. A wannan fanni muna tare da su, domin waƙar da aka rera a makoki ba tare da izinin kowa ba ta riga ta zama ta gari.

Amma akwai abubuwa biyu da za mu ɗora musu. Na farko, irin wannan so yana ɗaure makaɗi. Mutum mai shekara 58 da aka biya don ya maimaita abin da ya tsara yana da 27, dare 41 ba canji, an karrama shi, an kuma gaya masa cewa ba a bukatar abin da ya koya tun daga nan. Tuna baya shi ne roƙo, in ji masu iya magana, kuma a wannan karon masu sauraro ne suka hana maroƙi ya taɓa zancen yau. Na biyu, sun yafe da wuri. Kowane fili ya cika, har da tikitin fam 350, kuma masu shirya wasanni sun karanta wannan darasi sarai: fushin masoyi ba ya hana shi biya. Gyaran da aka samu, wato alkawarin Ticketmaster na Satumba 2025 da niyyar da gwamnatin Birtaniya ta bayyana a watan Nuwamba na hana sake sayar da tikiti fiye da farashinsa na asali, ya fito ne daga waɗanda suka kai ƙara hukuma, ba daga shewar da aka yi a fili ba.

Saboda haka duk mai son nazarin irin wannan rangadi nan gaba, muna ba shi shawarar kada ya tsaya ga waɗanda suke ciki kawai. Ya tambayi wanda ya kai ƙarshen layi ranar 31 ga Agusta ya ga farashi ya rufe kwamfutarsa, ya kuma hau tudun Heaton Park ya ji abin da ake rerawa bayan shinge.